Idan Tafiya Ta Kai Ki Zuru: Da 'Yar Gari Akan Ci Gari

Ba kowace tafiya ce mace take zaɓa da kanta ba. Wata maigida aka yi wa canjin wurin aiki, wata ɗanta ne ya samu gurbin karatu, wata 'yarta aka tura hidimar ƙasa, wata kuma biki ne ko zaman jego ya ɗauke ta. Idan irin wannan tafiya ta kai ki Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, kina iya yin mako biyu a ɗaki kina ƙirga kwanakin komawa gida. Kina kuma iya fita ki ga gari, ki yi sayayya mai albarka, ki huta, ki dawo da lafiyarki da ta yaranki.

Abin da zai raba waɗannan biyun shi ne mace guda: 'yar gari da za ki riƙa. Maƙwabciya ce, matar abokin aikin maigida ce, ko surukar 'yarki, duk ɗaya. Ita ta san hanyar da ake bi yau da wadda aka daina bi, ita ta san farashin gaskiya, ita ta san inda baƙuwa za ta taka da inda za ta tsaya daga nesa, ita kuma ta san mai maganin da ake yabo da wanda ake tsegumi a kansa. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa, ki bi da shi ta hannunta.

Ƙasar su wa kika shiga?

Masarautu huɗu ne a Jihar Kebbi: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. A da yankin yana cikin lardin Neja ne, a 1976 aka haɗa shi da Jihar Sakkwato, sannan ya faɗo cikin Kebbi da aka ƙirƙire ta a 1991.

Idan kin fito daga Sakkwato, Katsina ko Kano, idonki zai fara lura da canji tun kafin ki iso. Ƙasa tana ƙara kore, itatuwan kaɗanya da ɗorawa suna yawaita a cikin gonaki, duwatsu suna tasowa. Ruwan sama ya fi sauka a nan a kan arewacin jihar, shi ya sa noma ya kankama: dawa, masara, shinkafa, gyaɗa, wake, riɗi.

Mafi yawan mutanen garin su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Su kuwa sunan da suke kiran kansu Lelna, harshensu C'lela. Akwai kuma Fakkawa, Dukkawa, Kambari, Acifawa, Bangawa da sauransu, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a wurin. Da Hausa ake ciniki a kasuwa, don haka ba za ki rasa abokiyar magana ba. Amma ki roƙi 'yar garinki ta koya miki gaisuwar safe da kalmar godiya da C'lela. Kalma biyu kacal, za ki ga yadda fuskar tsohuwa mai sayar da daddawa za ta sake.

Abu na biyu da ya kamata ki sani shi ne, a Zuru ba abin mamaki ba ne ki tarar da Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya, har da dattijon da yake kan al'adar kakanni. Suna zuwa bikin juna, suna zuwa ta'aziyyar juna. Don haka ki kiyaye harshe. Kalmomin raini da wasunmu suka taso suna ji ana jifan mutanen irin waɗannan yankuna da su, ki bar su a tasha, ki kuma ja kunnen yaranki tun a mota. Mutanen nan suna da dogon tarihin kare kansu. A ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Kontagora ke kai hare-hare suna kama bayi, a kan duwatsu kakanninsu suka kafa garuruwa suka tsare kansu. Jikokinsu kuma sun cika aikin soja. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ɗan wannan ƙasa ne. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a watan Agustan 2025, shi ma soja ne, ya yi gwamnan Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985. Da wuya ki zauna a gida uku ba ki ga hoton wani cikin kaki a bango ba.

Maganar hanya kafin maganar kasuwa

Daga Birnin Kebbi ko Sakkwato akan bi ta Jega zuwa Koko, a ratse ta Mahuta da Dabai a shiga Zuru. Daga Minna, Kaduna ko Abuja akan bi ta Kontagora da Rijau. Akwai kuma hanyar da ta fito daga Zamfara ta Daki Takwas.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu sassan masarautar sun sha wahalar 'yan bindiga, musamman ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da ke kusa da dazuzzukan Zamfara da Neja. A watan Nuwamban 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashi ɗalibai fiye da 20, kafin daga baya a sako su. Mutanen Zuru suna ci gaba da rayuwarsu, kasuwa tana ci, makarantu da asibiti suna aiki, amma sun koyi tambaya kafin su fita, ke ma sai ki koya.

Ki kira mai masaukinki da safiyar ranar tafiya, ba labarin makon jiya za ki yi aiki da shi ba. Ki shiga mota a tasha, ki bar motar bakin hanya komai araharta. Ki tashi da wuri yadda za ki isa kafin la'asar. Kada ki sa hotonki a Facebook ko WhatsApp kina sanar da inda kike da ranar komawarki. Hotunan ba za su lalace ba idan sun jira kin isa gida. In kuma wata ta ce miki akwai wani mai magani ko wata kasuwa mai araha a wani ƙauye can ciki, ki tambayi 'yar garinki ko ita za ta je da nata yaran. Amsarta ta ishe ki.

Me za ki saya?

Atamfa, leshi da kayan roba ba su ne tsarabar Zuru ba, daga Kano da Onica ake kawo su, kuma kin fi samun su da sauƙi a inda kika fito. Ki sayi abin da ƙasar take haifarwa.

*Man kaɗanya.* Wannan aikin mata ne tun daga farko har ƙarshe. Da farkon damina suke tsintar 'ya'yan kaɗanya, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su soya, su daka, su niƙa, sannan su yi ta bugawa da hannu a cikin ruwa har man ya taso, a tafasa a tace. Idan kin san wannan wahala, ba za ki taya da wulaƙanci ba. Darajarsa ma ta ƙaru a idon duniya, domin kamfanonin man shafawa da na cakulan suna nemansa. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon zuwa waje na wata 6 don a riƙa sarrafa shi a gida. Wajen zaɓe, ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannunki. Mai kyau yana narkewa nan take, ba ya barin tsakuwa-tsakuwa. Ki sansana: ɗan ƙamshin hayaƙi ba laifi ba ne, amma wari mai tsami alamar ya tsufa ne. Ki sa a roba mai murfi, ki ajiye inda rana ba ta bugawa.

*Daddawa.* Ki tambaya ko ta kalwa ce ko ta waken suya, domin yanzu ana yin duka biyun, kuma farashinsu da ɗanɗanonsu ba ɗaya ba. Ta kalwa, wadda ake yi da 'ya'yan ɗorawa, ta fi ƙarfin ƙamshi, kaɗan take isar tukunya. Ki zaɓi busasshiya ƙamas, ki ƙara shanya ta kwana ɗaya kafin ki ɗaure. Ki nannaɗe ta sau biyu a leda, in ba haka ba duk kayan sawarki za su koma miya.

*Zuma.* Gwaje-gwajen da ake yi da ashana ko ɗigawa a ruwa ba sa kama mai haɗi da sukari idan ya iya aikinsa. Abin da ya fi tabbas shi ne sanin mai ita. Ki bar 'yar garinki ta kai ki wurin wanda gidansu ke saye, in da hali ki sayi mai saƙa ki tace da kanki. Kuma ki riƙe wannan da kyau: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

*Hatsi.* Bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, dawa, wake, gyaɗa da riɗi sun fi araha. Ki kula da ma'auni, domin mudun wani gari ba na wani ba ne. Ki ga kwanon da idonki kafin ku yi ciniki. Ki damƙi wake ki sansana, idan kin ji warin maganin ƙwari ki wuce gaba. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta canza launi, ko kyauta aka ba ki kada ki kai wa yara, tana lahani ga hanta.

*Tukwane da kayan hannu.* Matan wannan ƙasa sun shahara da ginin tukwane. Randa mai sanyaya ruwa, tulu, kasko, tukunyar miya. Ki ƙwanƙwasa da yatsa: mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ki ƙara da faifai, ƙwarya, ludayi da muciya. Wajen ɗauka, ki cusa tsumma a cikin tukunyar, ki naɗe ta da zani, ki riƙe a cinya ko tsakanin ƙafafu. Idan ta shiga but tare da buhun masara, sai dai ki isa gida da katanga.

Game da ciniki, ki je da tsabar kuɗi ƙanana, domin matan ƙauye da ke kawo kaya ranar kasuwa ba duka ke karɓar tura kuɗi ta waya ba. Ki bar 'yar garinki ta fara tambayar farashi kina gefe. Ki taya, ciniki halal ne, amma idan kin ga abin ya kai inda 'yan gari ke saye, ki sallama. Naira ɗarin da za ki ƙwace daga hannun tsohuwar da ta tako da ƙafa tun asuba ba za ta ƙara miki komai ba.

Abin da ba na sayarwa ba

Akwai wani nau'in tukwane na Dakarkari da ya yi suna har gidajen tarihi na Turai da Amurka: tukwanen da ake ɗorawa a kan kabari. Wasu mata na wasu gidaje ne suke gina su, da siffar mutum ko dabba a kai, don tunawa da manyan mutane irin su shahararren manomi, maharbi ko ɗan kokawa. Idan wani ya biyo ki a ɓoye da tsohuwar tukunya mai siffa yana cewa kayan tarihi ne, za ki samu kuɗi a Abuja, kada ki taɓa. Ko dai ta jabu ce, ko kuma daga kan kabarin kakan wani aka ɗauko ta. Dokar ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Ko babu doka, ke ma ba za ki so a taɓa makwancin naki kakan ba.

Ina za ki kai yara su gani?

Ki fara da abin da ba ya buƙatar kuɗi. Da sanyin safiya ko bayan la'asar, ku fita gefen gari inda duwatsu suke, ki nuna wa yara yadda mutane suka taɓa zama a sama, su yi noma a ƙasa, su hau da ruwa a ka. Yaron da ya taso a gidan bene a Kano zai yi tambayoyin da za su ba ki dariya. Ku sa takalmi mai rufi, kada a cusa hannu a ramin dutse ko cikin ciyawa saboda maciji da kunama, kuma kada ku hau sai da wanda ya san wurin.

Ku wuce ta ƙofar fadar Sarki, ku leƙa gidan tarihin garin, inda aka adana kayan yaƙi, na noma da na al'ada. Idan kina da ɗa ko 'ya da ke shirin jarrabawar shiga jami'a, ku zaga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, wadda aka kafa a 2020 a harabar tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru. Ganin wuri da ido yakan sa yaro ya ɗauki karatu da gaske.

Za a ba ki labarin Girmace, wani kurmi mai ruwa da kadoji a ciki, wanda masu bin al'adar gargajiya suke girmamawa, suna kai buƙatunsu. Zuwa ko rashin zuwa, wannan tsakaninki da zuciyarki ne da maigidanki, kuma ba wanda zai ga laifinki idan kin ce a'a. In kin je don gani, ki je da izinin masu kula da wurin, ki tambaya kafin ki ɗaga waya, kada ki yi dariya ko tsaki, kada yara su yi jifa. Duk abin da aka faɗa miki game da halin kadojin, ki riƙe hannun ƙaramin ɗanki gam, ku tsaya nesa da bakin ruwa. Kada dabba ce.

Idan kuwa zamanki ya dace da Uhola, kin yi sa'a. Bikin godiya ne bayan an kammala girbi, garuruwa suna yin nasu, masarauta kuma tana shirya babba a Zuru tare da nunin amfanin gona. Akwai kiɗa, rawa, ado da kokawa, wadda mutanen nan suka ɗauka da muhimmanci ƙwarai. A nan za ki ji ana maganar golmo. A al'adar Lelna, saurayin da ke neman aure yakan shiga ƙungiyar tsararsa su riƙa yi wa iyayen yarinya noma, har shekara 7, kafin a ba shi mata. Zamani ya rage abin, amma har yanzu ana alfahari da shi, kuma da yawa suna cewa wannan horo ne ya sa samarinsu ke jure aikin soja. Ke da kike da 'ya mace, ki tsaya ki yi tunani a kan hikimar: shekara bakwai iyaye suna kallon haƙurin yaro, da ƙwazonsa, da yadda yake zama da abokansa, kafin su miƙa masa 'yarsu. Mu da muke auna mai neman aure da yawan akwatunan lefe, akwai abin dubawa a nan.

A taron biki ki sa wa ƙananan yara takarda mai lambar wayarki a aljihu, ku zaɓi wurin haɗuwa idan an rabu, ku kuma koma masauki kafin duhu.

Gyaran jiki da maganin gargajiya

Mace in ta bar gida ta samu sarari, takan so ta ɗan kula da jikinta. Kuma da zarar an ji ke baƙuwa ce, za a yi ta kawo miki labarin masu magani: na basir, na sanyi, na ciwon baya, na haihuwa. Ga ma'aunin da zai taimake ki. Abin da ake shafawa a kan fata, ki more shi da ɗan lura. Abin da ke yanka fata ko ake haɗiyewa, ki yi tambaya sau uku. Abin da ya shafi ƙaramin yaro, mai ciki ko mai jego, asibiti ne farko.

*Tausa da man kaɗanya.* Wannan kam ki sake jiki. Bayan doguwar tafiya a mota, ki nemi dattijuwar da ta iya ta murza miki baya, kafaɗu da ƙafafu da ɗumin man. Yana laushin fata, yana maganin kaushi da faso, musamman da hunturu. In kina da ciki ki faɗa mata, kada a danna mara. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, kada a murza ta, ki je a duba.

*Lalle.* Jan lalle na ganye ba shi da matsala ga yawancin mata. Baƙin nan mai kamawa cikin minti kaɗan shi ne abin tsoro, domin sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda kan sa wasu ƙuraje da ƙuna har ya bar tabo. Ki tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba, kuma kada a sa wa jariri kowane iri.

*Surace.* Tururin ganyen darbejiya da makamantansa yana sa gumi, yana buɗe hanci, jiki ya yi sakayau. Amma ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wannan magana tana da nauyi a nan, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da cutar, fiye da kowace jiha. Shi ya sa Kebbi da Bayelsa aka fara ba yara allurar rigakafinta a watan Disamban 2024. Ki zo da gidan sauronki, ku kwana a ciki kullum. Idan yaro ya yi zazzaɓi, a yi masa gwajin jini a ranar, minti 20 ya isa a ga sakamako. Kada a lulluɓe ƙaramin yaro da tukunyar tafasasshen ruwa, ƙuna ta fi zazzaɓin saurin illa.

*Ƙaho.* Idan kin saba kuma kina so, ki sayi sabuwar reza da kanki, a buɗe ta a gabanki, ki ga an wanke ƙahon an tafasa. Aska ɗaya a jikin mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Mai ciki, mai ƙarancin jini, mai sikila da mai ciwon sukari su haƙura. Cire beli ko tsaga jikin jariri kuwa, ko wa ya kawo shawarar, ki ce a'a. Zubar jini da cutar sarƙewar haƙora sun ɗauke yara da yawa ta wannan hanya.

*Ɗori.* Yaro ya faɗo daga dutse ko babur, nan take za a ce a kai shi wurin maɗori, kuma gaskiya akwai masu gado da hannunsu ke da kyau. Ki fara zuwa babban asibitin garin a ɗauki hoton ƙashi. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta gwiwar hannun yaro, ko ta kusa da gaɓa, aikin likita ce. In an riga an ɗaure, ki riƙa duba yatsu: idan sun yi sanyi, sun yi baƙi, sun kumbura, ko yaro ya ce ba ya jin su, ko kukansa ya ƙi tsayawa, a kwance a tafi asibiti a daren. Ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, kuma da yawa daga cikin yaran da aka yanke wa hannu daga nan abin ya faro.

*Jego.* Idan zaman jegon 'yarki ne ya kawo ki, to ke ce mai faɗa a ji. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan da suka haihu, suka kuma danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya aiki. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kunu kuma a rage masa kanwa ko a bar ta. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ba sanyi ne ya kama ta ba, a kai ta asibiti.

*Kwalli.* Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma. Maƙwabtan Zuru ta arewa, Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta hallaka yara fiye da 400. Dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Idon jariri ba ya buƙatar ado.

*Jiƙo da garin magani.* Ki tambayi sunan itacen, da yawan da ake sha, da tsawon kwanaki. Mai maganin kirki zai faɗa miki, zai ma ce wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti. Wanda ya ce ƙulli ɗaya yana maganin cuta goma, ko ya ce ki ajiye maganin hawan jini ko na sukari, ki riƙe kuɗinki. Na cikin kwalba ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ke kuma 'yar'uwa da kike neman haihuwa, na san kowa da abin da zai nuna miki, kuma zuciya ba ta son barin ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Kafin ki kashe abin hannunki, ku je a gwada ku biyu, ke da maigida, domin matsalar takan fito daga kowane ɓangare.

Ranar komawa

Ki haɗa kayanki tun dare: man kaɗanya a ƙasa, daddawa a keɓe, tukunya a hannu. Ki sake tambayar labarin hanya da safe. Sannan ki tuna da wadda ta bar aikinta ta zaga da ke kasuwa, ta taya miki ciniki, ta hana ki zuwa inda bai dace ba. Tun daga gida ki tanadar mata wani abu na garinku, turaren wuta ne, kilishi ne, ko turmin atamfa. Ki karɓi lambarta, ki kira idan kin sauka, ki kuma kira ranar da ba ki buƙatar komai. Wata rana ɗanta zai samu makaranta a garinku, ko a kwantar da wani nata a asibitin kusa da ke, ta sauka a tasha ba ta san gabas ba. Ranar ke ce 'yar gari.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya zaunar da ƙasar Zuru da sauran ƙasarmu lafiya.